Abin da Shanun Ummu Faisal Za Su Ci

Mutumin da ya yi mana hanyar zuwa Jidda ya ce aiki na jirana a wata babbar gonar madara, har da ɗakin kwana da abinci. Na yarda da shi domin abin da na karanta ke nan. Na yi makarantar koyon aikin gona, na kuma yi shekaru ina malamin dabbobi a ƙaramar hukumarmu, kafin a zo rage ma'aikata a haɗa da ni. Mun sauka cikin azumi da bizar umra. Da muka gama ibada ya dawo da mu Jidda, ya ajiye mu a wani ɗaki a Ammariyya, ya ce za shi ya kirawo mai gonar. Ya saɓi jakarsa ya fita. Yau gemuna ya yi fari, ban sake sa shi a ido ba.

Ɗakin nan cike yake da maza, wasu daga Kano, wasu daga Maraɗi, kowa da mutumin da ya ce masa ya jira. Ba wanda ya yi mini dariya. Wani dai ya matsa ya ba ni gefen tabarma, ya ce, "Malam, kwanta. Duk haka muka fara."

Biza ta ƙare, na zama takari, mai zama ba takarda, kamar kowa. Na shiga dako a Bab Makka, ina ɗaukar dilolin yadi daga mota zuwa shago. Zafin Jidda ba irin namu ba ne. A gida gumi kan bushe, a can kuwa riga takan manne a baya tun hantsi har magariba. Kana cikin aiki sai wani ya ce "askar", wato ga 'yan sanda nan, ka ajiye kayan mutane ka faɗa lungu, alhali ba ka saci komai ba. Abinci kullum ful ne, dafaffen wakensu, da faffaɗan burodin da suke kira tamis. Ina ci, ba ya kai mini ko'ina. Na bar matata Rabi da jaririya a hannu. Duk wanda zai koma gida nakan ba shi kaset, in yi ta ce musu lafiya lau nake, aiki ya kusa samuwa.

Wadda ta fitar da ni daga dako wata tsohuwa ce 'yar Damagaram, Hajiya Kande. Sana'arta bin bayan gidajen abinci da ƙofofin gidaje tana tattara ragowar burodi, ta shanya shi a saman soro ya bushe, ta sayar wa masu tumaki. Wata rana ta iske ni zaune a gindin bango na dafe ƙugu.

Ta ce, "Ɗan nan, bayanka ba na dako ba ne. Zo ka riƙa ɗaukar mini buhun burodi, ba shi da nauyi sai girma."

Na bi ta. Abin da take ba ni bai taka kara ya karya ba, amma duk Juma'a takan tuƙa tuwo da miyar kuka, ta zuba mini a kwanon samira ta ce in cinye a gabanta kada 'yan ɗakinmu su taya ni. Ranar da na fara ci, sai da na juya baya don kada ta ga idona.

Cikin masu sayen burodinta akwai wani dattijo baƙi dogo, mai farar jallabiya da rawani irin na Sudan, yakan zo da a-kori-kura. Wata rana ina loda masa buhuna na ga rago kwance a bayan motar, cikinsa ya kumbura ta hagu, yana numfashi da kyar. Na matsa cikin, na ce wa Hajiya Kande da Hausa, "Burodi aka cika masa lokaci guda. In ba a ɗura masa mai an tsai da shi ba, ba zai kai yamma ba."

Sai na ji dattijon ya ce, "Kai yaro, ka san dabba?"

Na waiwaya da sauri. Hausa ce, amma irin wadda na ji a bakin kakata, an cakuɗa ta da Larabci. Sunansa Abakar. Kakanninsa ne suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su hajji, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Shi bai taɓa ganin Kano ba. Muka samo man girki muka ɗura wa ragon, muka tashe shi tsaye ina murza masa ciki har ya yi gyatsa. Baba Abakar ya dube ni ya ce, "Iƙama?" Takardar izinin zama yake nufi. Na girgiza kai. Sai ya ce, "A gona ba mai tambaya sai saniya. Yalla, hau."

Hajiya Kande ba ta hana ni ba. Cewa ta yi kawai in riƙa aiko mata da nono.

Gonar tana bayan gari ta arewa, tsakanin wasu baƙaƙen duwatsu. Ba babba ba ce kamar wadda aka yi mini alkawari. Shanu ashirin da 'yan kai ne, irin na Turai masu baƙi da fari, sai garken tumaki, da rijiyoyin burtsatse biyu, da ɗakunan bulo inda Baba Abakar ke zaune da matarsa Hajja Zainaba. Aka ba ni ɗaki ni kaɗai. Na fi wata guda ina farkawa in laluba gefena, ina mamakin ba ƙafar kowa.

Mai gonar ya rasu shekara biyu kafin zuwana. Matarsa, Ummu Faisal, tana zaune a unguwar Ruwais cikin Jidda, takan zo duk Juma'a bayan la'asar, ɗanta Faisal na tuƙa ta. Takan sauke gilashin mota ta tambayi shanun ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Faisal ma'aikacin ofis ne, mutum mai ladabi, ba ya ɗaga murya, amma a fuskarsa za ka ga gonar ta ishe shi.

Damuwar gonar ruwa ne. Rijiya ɗaya ta koma zartsi, ɗayar kuma ba ta iya shayar da barsim, ciyawar da ake ba shanu, idan zafi ya shigo. Kafin marigayi ya rasu ya sa an gina wani dogon rami da siminti don a yi silaj, bai kai ga cika shi ba. Silaj ɗanyen kara ne ake daddatsawa da ganyensa da zangarniyarsa, a zuba a rami, a danne sosai, a rufe kada iska ta shiga, ya yi tsami ya ajiyu watanni bai lalace ba. A sanyin shekarar Baba Abakar ya shuka dawa a duk filin. Ni na taɓa yin silaj sau ɗaya a makaranta, shi kuwa ji kawai ya yi a bakin marigayi. Haka muka cika ramin nan, injin yana datsa, ina bazawa, shi yana bi da tarakta gaba da baya. Muka rufe da leda, muka bi da yashi da tsofaffin tayoyi.

Azumi ya kusa zagayowa, wata Juma'a Faisal ya fito daga mota ya kira mu. Baba Abakar ne ke fassara mini, don Larabcina a lokacin bai wuce na cefane ba. Faisal ya ce wani mutum daga Ɗa'if yana son shanun duka. Sayen barsim a kasuwa duk tsawon zafi shi ke cinye gonar, ba zai sake yi ba. Mahaifiyarsa ba ta son a sayar. Sun yi magana sun tsaya a kan abu ɗaya: idan ramin nan zai riƙe dabbobin har sanyi ya dawo a yanki sabuwar dawa, a bar su. Idan ba zai riƙe ba, bayan ƙaramar salla a sayar.

Ya nuna ramin da makullin mota ya ce, "To wa zai gaya mini?"

Baba Abakar ya nuna ni. "Haladu. Ya yi karatun abin."

Faisal ya ce, "Wata nawa zai yi?"

Na ce a gaya masa ban sani ba tukuna. Abin da ke cikin ramin ana iya aunawa yau, amma abin da dabbobin za su ci sai sun ɗanɗana. Ya ba ni zuwa salla.

Ranar da muka ɗage ledar ta bakin ramin, ni na fara sunkuyawa in shinshina. Na san idan wari ya fito irin na ruɓa, an gama magana. Saman ya yi baƙi kamar kaurin hannu guda, muka kankare. Ƙarƙashinsa kore ne mai ruwan ɗorawa, ƙamshinsa mai tsami-tsami kamar gasarar da ta kwana. Na damƙi kaɗan na matse, ya jiƙa mini tafi amma ruwa bai ɗiga ba. Baba Abakar ya shinshina, ya yatsina fuska.

"Wannan dabba za ta ci?"

Na ce, "Za mu gani, Baba."

Da tumaki muka fara, kamar yadda aka koya mana, don gwaji da su bai cin kaya da yawa. Na ware raguna kaɗan a keji. Muna da sikelin rataye da ake auna madara, da shi nake auna abin da na zuba musu, washegari in share kwamin in auna ragowar. Ranar farko suka shinshina suka ja baya suna kallona. Da yunwa ta matsa sai suka fara tsince ƙwayar dawa da ganye, suna ture guntayen kara da hanci. Injinmu ya datsa karan da tsawo, bakin tunkiya kuwa ƙarami ne, ga ta da tsirfa.

Baba Abakar ya ga ɗan abin da suke ci, murna ta kama shi. "In haka suke ci, ramin nan shekara biyu zai yi!"

Na ce, "Baba, saniya ba ta tsince-tsince. Harshe take sawa ta kwashe. Kuma mai ba da nono cinta daban."

Sai muka ware shanu kashi uku: masu nono da yawa, matsakaita, da waɗanda ba a tatsa. Cikin masu nonon akwai Sukkara, wata ƙatuwa mai hantsa har kusa da ƙasa, wadda Baba Abakar ke ji da ita kamar 'yarsa. Su ma da farko ƙi suka yi. Muka riƙa yayyafa musu ɗan garin sha'ir a sama. Sukkara ce ta fara tsoma baki, ta ɗaga kai tana tauna tana tunani, ta sake komawa. Kafin mako ya zagayo, da sun ji ƙarar baro sai su taso.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne cin kullum ƙaruwa yake. Yau in auna, gobe ya fi haka. Ba yadda za ka yi ƙiyasi da cin da bai tsaya ba, dole ka jira ya daidaita. Ga azumi a baki, ga salla na matsowa. Kuma ramin kansa ba iri ɗaya ba ne: na sama ya fi bushewa, na ƙasa ya fi laima da tsami, nauyinsa da yawa amma rabinsa ruwa. Na yanki kamu ɗaya ta kowane gefe a sama, da tsakiya, da ƙasa, na auna kowanne, sannan muka bi tsawon ramin da faɗinsa da igiya. A goman ƙarshe cin ya tsaya wuri ɗaya. Na zauna na yi lissafin, na sake yi, na sake. Amsa ɗaya take fitowa. Ramin zai ƙare da sauran fiye da wata guda kafin sabuwar dawa.

Na sami Baba Abakar a gindin magaryar da ke bakin rijiya yana gyaran tiyo, na gaya masa.

Ya ce, "Ya waladi, ka ce musu ya isa."

"Baba, bai isa ba."

"Wa ya sani? Allah na iya kawo sauƙi. Kai dai ka ce ya isa. Ni a nan gashina ya yi fari. In an kwashe shanun nan ina za ni da tsohuwa? Kai kuma ina za ka? Bab Makka?"

Maganar ta taɓa ni, don ni ma abin da ke raina ke nan. Na tuna ɗakin Ammariyya da gudun lungu. Ba wanda zai bincika lissafina, Faisal bai san kan abin ba. Amma na hango tsakiyar zafi, rami ya ƙare, shanu sun rame, mutumin Ɗa'if ya dawo yana taya su yadda ya ga dama, tsohuwar nan tana kallo ta gilashin mota.

Na ce, "Baba, in na ce ya isa, ranar da ya ƙare ba mu kaɗai za mu rasa ba. Har ita."

Ya tashi ya bar ni da tiyon. Kwana biyu ba ya ce mini komai sai sallama. Hajja Zainaba kuwa ba ta fasa ba, da an kira magariba sai ga kwanon asida, tuwonsu na Sudan, da miyar kuɓewa a ƙofar ɗakina, har da dabino a gefe. Rana ta biyu ta tsaya ta ce, "Ƙyale shi. Tsoro ne, ba fushi ba."

Washegari da hantsi ina wanke kwamin shanu, sai ga shi ya tsaya a kaina.

"In an cire tumaki fa?"

Na ajiye tsintsiyar. Ya ce ragunan dama na layya ne, hajji saura wata biyu da 'yan kwanaki, za a sayar da su. Tumakin mata kuwa ba son silaj ɗin suke ba, ɓarna suke yi. A mai da su kan burodin Hajiya Kande da busasshen kara, a riƙa ba su ragowar da shanu suka bari. Ni ban yi wannan tunanin ba, na tsaya kan amsa tambayar da aka yi mini. Muka zauna a ƙasa muna zane da tsinke. Cire tumaki ya toshe kusan rabin giɓin. Rage wa shanun da ba a tatsa ya toshe wani. Sauran ba yadda za a yi, sai an rage baki. Tsofaffin shanu huɗu ne da nononsu ya ja baya amma cinsu bai ja ba.

Baba Abakar ya ce, "Har da Baraka ke nan." Ya share zanen da tafin hannu. Baraka ita ce saniyar da marigayi ya fara saya.

Juma'ar bayan salla suka zo. Na tsaya gefen motar, hannuna a baya, Baba Abakar na fassara. Na faɗi gaskiyar yadda take: a yadda ake yanzu, ramin ba zai kai ba. Na ga Faisal ya gyaɗa kai, mahaifiyarsa ta sunkuyar da nata. Sannan na kawo maganar tumaki, na ce shawarar Baba Abakar ce, na kawo ta shanu huɗu.

Faisal ya ce, "Ka tabbata in an yi haka zai kai?"

Na ce, "Ban tabbata ba. Kintace ne. Zai iya kaucewa da mako biyu, gaba ko baya. Ban taɓa ganin yadda suke cin silaj cikin zafin nan ba."

Ya dube ni sosai. Ya ce da na ce masa na tabbata, da bai yarda da ni ba, da yau zai kira mutumin Ɗa'if.

Ummu Faisal ta tambayi sunayen shanun huɗu. Da aka zo kan Baraka ta buɗe ƙofa ta fito, tana dogara sanda, ta nufi garke. Muka bi ta daga nesa. Ta tsaya gaban tsohuwar saniyar tana shafa goshinta, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Da ta juyo ta ce a sayar da ukun. Baraka kuwa ba za ta shiga motar baƙo ba. A kiwata ta zuwa layya, a yanka sadaka ga maigidanta, a raba wa ma'aikatan gonakin da ke kewaye.

Faisal ya ce, "Halas, ya ummi," wato shi ke nan, inna. Ya sumbaci kanta.

Zafin shekarar nan na ga abin da ba a koya mini ba. Da rana ta take, shanun sukan tsaya a inuwa baki buɗe suna haki, ko kallon kwami ba sa yi. Cin ya faɗi ƙasa da ƙiyasina, nono ma ya ragu. Da farko na yi murna a ɓoye cewa ramin zai ƙara kwana. Ashe ta wani gefen yake zuba. Da yake ba ma ɗiba da sauri, bakin ramin da ke buɗe ya fara ɗaukar zafi, in ka tura hannu kamar ka taɓa tukunya, fumfuna ta fara fitowa fari-fari. Sai mun kankare mun zubar. Baro guda na abinci mai kyau in ya tafi juji, ji nake kamar daga jikina aka yanka.

Muka canza tsari. Muna idar da sallar asuba mu zuba musu kaso mafi yawa tun iska na da sanyi, sauran sai rana ta yi gora. Da azahar mu feshe su da ruwa. Ramin kuma muka daina haƙarsa ta ko'ina, sai mu yanke shi a miƙe daga sama zuwa ƙasa, siriri, mu mai da leda mu danne. Cin ya ɗan farfaɗo. Na bar sandar kara a bangon ramin ina matsar da ita duk Juma'a, in Faisal ya zo ya leƙa ya ga inda aka kwana. Wani makon muna gaban ƙiyasi, wani makon muna baya.

Layya ta zo, ragunan suka tafi. Aka yanka Baraka. Baba Abakar da kansa ya riƙe wuƙar, bai yarda wani ya yi ba. 'Yan Yaman da 'yan Pakistan na gonakin maƙwabta suka zo da kwanoni. Na kai wa Hajiya Kande cinya guda da galan na nono. Ta ce, "Ka ga, ka yi kumatu." A lokacin ta zama ita ke ba gonar burodi duk mako, har ta ɗauki mata biyu suna taya ta.

Da zafi ya fara sassautawa sai shanun suka buɗe ciki kamar masu ramuwa. Sukkara kaɗai sai ta share nata ta leƙa na maƙwabciya. Nono ya dawo, amma sandata ta riƙa gudu. Dawar da muka shuka ta yi kore, ta kai ƙirji, ba ta isa yanka ba. Wata safiya shebur ɗina ya daki simintin ƙarshen ramin. Silaj ya ƙare, saura kamar kwana goma dawar ta isa yanka.

Na sa Baba Abakar ya yi wa Faisal waya daga shagon bakin titi. Ban san abin da zai ce ba. Washegari sai ga shi da kansa, ba ranar Juma'a ba, ya ari motar ɗaukar kaya ya cika ta da barsim, farar rigarsa duk ta yi kore. Ya sauko yana dariya, ya yi magana, wannan karon ban jira fassara ba.

"Ya Haladu, ka ce mako biyu gaba ko baya. To ga bayan na kawo."

Muka sauke tare. Ya tsaya ya ga tatsar yamma, har ya tambayi ko filin bayan rijiya zai ɗauki rami na biyu.

Bayan mun yanki sabuwar dawa mun rufe, Ummu Faisal ta kira ni gefen mota. Ta tambaye ni ko ina da iyali. Na ce ina da mata da 'ya, da mahaifina. Ta tambayi rabona da su. Da na faɗa ta ce, "Haram." Ta ce ba ta son mutumin da ke ciyar da shanunta ya riƙa ɓuya in ya ga mota. In koma gida in ga mutanena, Faisal zai yi takardu, ita za ta zama kafilina, mai tsaya mini a wajen hukuma, in dawo ta ƙofa.

Mai zama ba takarda hanyar komawarsa ɗaya ce, ya miƙa kansa. Na miƙa. Na yi kwanaki a wurin da ake tara masu jiran jirgi, cikin cunkoso da zafi, ina tunanin ko wannan alkawarin ma irin na farko ne. Ba irinsa ba ne. Biza ta same ni a gida bayan 'yan watanni. Na koma da iƙamata, na yi shekaru masu yawa a gonar nan, daga baya Rabi ta zo muka yi hajji tare. Kowace shekara ni ke faɗin abin da dabbobi za su ci, kuma ban taɓa dacewa daidai ba, sai dai kaucewar ta riƙa raguwa.

Amma wancan zuwan gida na farko, da aka gama gaishe-gaishe mutane suka watse, na sami mahaifina a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Na zauna a ƙasa gabansa.

Ya ce, "Haladu, a kaset ka yi ta cewa aiki, aiki. Wane aiki ne kake yi a ƙasa mai tsarki?"

Na ce, "Baba, kiwo nake. Kara muke binnewa a rami ya yi tsami, mu tono mu ba shanu. Ni ke faɗin yawan da za su ci."

Ya ajiye fartanyar. "Ka tsallake teku ka je kana ba shanu tsamammen kara?"

"E, Baba."

"Suna ci?"

"Suna ci, har su nemi ƙari."

Ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya share ido da bakin riga, ya nuna bayan gida da haɓa, inda saniyarsa ɗaya ke ɗaure, ƙasusuwan ƙugunta a waje saboda rani.

Ya ce, "To kafin ka koma, ka haƙa mini nawa."